Batirin Baba Tafireta

Mai Guga ta cusa wayar dutsen guga a soket ke nan sai ta ji ƙas daga wajen mita, fankar da ke kanta ta fara rage gudu. Kafin fankar ta gama tsayawa murya ta ratso bango.

"Shi ke nan, matar nan ta sake kashe ni!"

Ta zare wayar, ta fita tsakar gida ta ɗaga makunnin da ya faɗi, sannan ta leƙa ɗakin da ke manne da nata. Baba Tafireta yana kan kujerarsa ta katako, kumburarrun ƙafafunsa a kan kifaffen bokiti, yatsunsa a rataye bisa madannan kwamfutar da fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Shafi ɗaya da rabi, in ji shi. Tun da ya karya kumallo yake bugawa, ba kuskure ko ɗaya, ga shi duk sun bi iska saboda wandon wani ƙaton da ko gaishe shi ba ya yi.

Ta ba shi haƙuri, ta ce mantuwa ce. Ya ce ai mantuwa ita ce sana'arta ta biyu, ya kamata ta ƙara a allon ƙofarta. Shekara goma sha ɗaya ke nan ɗakunansu na shan wuta daga layi ɗaya, shekara goma sha ɗaya kuma suna wannan faɗan, da a kan rediyonsa, yanzu a kan kwamfuta. Bambancin kawai, da in ya gama masifa sai ya ce ta miƙo masa ruwan shayi, yanzu kuwa in ya gama sai ya daɗe yana neman numfashi. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, ya kuma ƙara wasu maganganun da Baba ya ce ba da shi ake ba. Yau Litinin, saura kwana uku a miƙa takardar da yake bugawa.

Abin da ke ƙasa, famfon bakin layi ne. Mako uku da suka wuce wani da ake kira Ɗan Kwangila ya zo da ma'aikatansa, ya kewaye famfon da waya, ya garƙama masa kwaɗo, ya ce filin nasa ne, daga hannun magada ya saya, shaguna zai gina. Gida ashirin da biyu ke sha a famfon nan. Ita kuwa Mai Guga ba sha kaɗai take yi ba, wanki da guga su ne cinta da na 'ya'yanta, kuma ba a wanki da fatar baki. Tun da aka rufe famfon sai ta tsallaka titi biyu take samo jarka huɗu, rabin masu kawo mata kaya har sun koma wani wurin.

Kowa a layin ya san mai filin na asali kyauta ya bayar da shi don a kafa famfo, shekara talatin da huɗu ke nan. Amma sanin kowa ba takarda ba ne. Kwafin takardar kyautar da ke ofis ruwa ya cinye shi wata daminar da rufi ya yi yoyo, shaidu huɗu kuma uku sun riga mu gidan gaskiya. Na huɗun shi ne Baba Tafireta, kuma shi ya buga takardar da hannunsa, lokacin yana da tebur a ƙofar kotu yana buga wa mutane wasiƙu da yarjejeniya. Kwamitin filaye zai zauna ranar Alhamis da ƙarfe goma. Da aka ce musu dattijon ba ya iya hawa bene, suka ce ya rubuto shaidarsa dalla-dalla ya sa hannu.

Alƙalami ya daina zama a yatsunsa tun da ciwon gaɓɓai ya murɗe su. Maƙwabta suka ce ya faɗa, a je shagon buga takardu a buga masa. Ai kuwa kamar sun zagi iyayensa. Shekara arba'in yana buga wa gari takarda, yanzu shi za a buga wa? Ya yi tsalle ya dire ya ce sai dai kar a yi. Tafiretarsa ta ƙarfe tana nan ƙarƙashin gado, amma zaren tawadarta ya bushe tuntuni, duk garin kuma ba mai sayar da irinsa. 'Yarsa da ke aikin jinya a wani gari ta ce za ta aiko masa da sabuwar kwamfuta, ya ce ta riƙe abarta, shi ba a saya masa kayan aiki. Sai ya aiki Mai Guga kasuwa da umarni ɗaya: wadda ta fi kowace araha, in dai tana buga rubutu.

Ta sha yawo ranar. Aka nuna mata masu ƙyalli, ta ji farashi ta yi gaba ba sallama. Aka nuna mata wata mai tsagaggiyar fuska, da wata ta tebur mai akwati wadda ko kyauta aka ba ta ba ta da wuyan da zai ɗauke ta. A ƙarshe, a wani shago ƙarƙashin matakala, ta samu wani mai gyara mai furfura a gemu da ake ce wa Injiniya. Ya zaro mata wata tsohuwar laftof mai kauri kamar katakon yanka nama, ya ce lafiyarta lau, abu biyu ne kawai suka karya mata daraja: batirinta ya tsufa, kuma haruffan jikin madannanta sun goge ƙarƙaf, ba mai iya gane wanne ne wanne. Da ta kawo ta gida tana ɗari-ɗari, Baba ya ɗora yatsu, ya rufe ido, ya buga sunansa ba gargada. Ya ce tun yana saurayi rabonsa da ya kalli madanni, waɗanda suka ƙi ta sakarkaru ne.

Batirin ya yi kwana biyar yana riƙe 'yan mintoci, daga nan ya ce ga garinku. Ko wayar caja ta motsa, kwamfuta sai ta mutu. Da wani ne, wannan ba zai hana shi gama shafi uku ba, amma Baba yana da dokoki biyu da ya taho da su daga ƙofar kotu. Ta farko, in ya yi kuskure ko na harafi ɗaya, sai ya share shafin gaba ɗaya ya sake daga sama, yadda yake zare takarda daga tafireta ya duƙunƙune. Ta biyu, ba ya ajiye aikin da bai gama ba. An nuna masa inda ake dannawa a ajiye, ya ce ya gani. Takardar da ba ta kammala ba, ba a duba ta ba, ba ta shiga fayil, haka aka koya masa kuma haka zai mutu. Ga yatsu sun yi nauyi, ga numfashi ba ya barinsa ya zauna fiye da awa biyu, ga wutar garin da ba ta da alƙawari. Sau tara ke nan yana farawa daga sama.

Da azahar ɗin Litinin, yana kwance yana hutawa, ta naɗe kwamfutar a zanin gado ta koma wurin Injiniya. Ya ajiye ta a tebur, ta yi ta rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Ya ce ya ma ga ciwon. Duk da haka ya bi ta daki-daki, don shi ma mutum ne mai ƙa'ida. Ya gwada cajar da mitarsa, lafiyarta lau. Ya kife kwamfutar ya zare batirin, ya danne makunni ya daɗe, sannan ya jona ta ba batir, ta tashi garau. Ya miƙo mata batirin ta taɓa, ya kumbura kamar burodi. Ya ce sun yi sa'a bai kama da wuta a cinyar dattijon ba, kada a kuskura a mayar da shi. Sabo irinsa an daina yi. Ya nuna mata tulin matattun kwamfutoci a bayansa ya ce zai tona gawarwakin nan ko a dace, amma bai yi alƙawari ba. Bakin cajar kuma ya yi sako-sako, sai dai wani ya riƙa riƙe wayar.

Ya tambaye ta ko mai ita ba ya ajiye aikinsa ne, tunda tsohuwar kwamfutar ba ta san ta ajiye da kanta ba. Ta ba shi labarin dokoki biyu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga ita ba dariyar take ba, ya ja kujera kusa.

"Yaya, kawo hannunki. Wannan na kusurwar hagu a ƙasa, ki danne shi ki riƙe. Ki hau layi na uku, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku, ki taɓa. Karon farko za ta tambaye ki suna, ki buga wannan babban. Shi ke nan, ko an ɗauke wuta abin yana ciki."

Ta gwada sau biyar har yatsunta suka haddace. A hanyar gida ranta bai kwanta ba. Shekara goma sha ɗaya ko takardar maganinsa ba ta taɓa ɗagawa ba sai ya ce, kuma ta san in ya kama ta, gara a ce ta sace masa hula.

Ranar Talata ba ta jona dutsen lantarki ba sam. Ta hura gawayi da sassafe ta goge 'yan kayan da ke hannunta, ta wanke hannu, ta ɗauki kujerar tsuguno ta zauna gefensa ta riƙe wayar caja. Ya ce ashe yau an yi hankali. Ya fara daga sama karo na goma, yana bugawa yana faɗa a fili yadda ya saba. Ranar kaza ga watan kaza. Faɗi ƙafa ashirin, tsawo ƙafa arba'in, daga turken lantarki zuwa bakin kwata. Sunayen shaidu, da sana'ar kowa, da wanda ya dangwala yatsa don bai iya sa hannu ba. Har rigar da mai filin ya sa ranar yana tune da ita, amma ya ce wannan ba ta shiga takarda.

Tari ya sarƙe shi a ƙarshen shafin farko. Ya juya wajen taga ya rufe baki da tawul, ita kuwa ta miƙa hannu. Na kusurwa, layi na uku, ɗaya, biyu, uku. Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar, ta buga babban madannin, akwatin ya ɓace. Ya juyo yana share ido ya tambaye ta abin da ya sa take gumi, ta ce zafin gawayi ne bai sake ta ba. Daga nan duk tarin da ya yi, sai ta danna.

Wajen sha biyu aka yi sallama, sai ga Ɗan Kwangila da kansa, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa, yana rungume da kwali. Irin mutanen nan ne da in za su cuce ka sai sun fara tambayar lafiyar iyalinka ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce ya ji ana fama da wata tsohuwar kwamfuta, ransa bai so ba, ga sabuwa dal, batirinta na yini guda. Ya ce yana da aboki mai asibiti, gado na jira yau ɗin nan, ba sai Baba ya wahalar da kansa da zancen shekara talatin ba a wannan halin.

Baba bai ɗaga yatsunsa daga madannai ba. Ya kalli kwalin, ya kalli mai kwalin.

"Ni na buga takardar da aka ɗauki mahaifinka aikin gadi. Sau biyu na buga ta, don ta farko ya jiƙa ta da gumi a aljihu. A famfon nan ya wanke fuska kafin ya tafi. Ɗauki kwalinka, ɗana, kana tare mini haske."

Ɗan Kwangila ya yi 'yar dariyar borin kunya, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kwashi kayansa. Mai Guga ta ji wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa, ta sunkuyar da kai don kada a ga haƙoranta.

Baba ya wuce awa biyunsa ranar, haushi ya ba shi ƙarfi. Ya gama shafi na biyu, ya kai tsakiyar na uku, ya tsaya ya ƙura wa wani wuri ido yana tsaki. Kafin ya ce komai aka ji wata ƙara daga can bakin titi, fanka ta tsaya, fuskar kwamfuta ta yi baƙi. Wannan karon ba laifin dutsen guga ba ne, taransifomar unguwar ce ta buga. Bai yi masifa ba, kuma wannan ya fi ba ta tsoro. Ya jingina da kujera, leɓɓansa suka canza launi, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Ta kwantar da shi, ta buga wa 'yarsa waya.

'Yar ta iso kafin magariba, ko kayan aikinta ba ta tsaya cirewa ba. Ta auna shi, ta duba ƙafafun, ta ce yanzun nan za a tafi asibiti. Ya ce Alhamis da rana ta kai shi duk inda ta ga dama, kafin nan ko ƙofar gida ba zai taka ba. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, ko gezau. Sai ta juya kan Mai Guga a tsakar gida, ta ce ashe saboda famfo za a ƙarasa mata uba, su sha ruwansu lafiya. Maganar ta soki Mai Guga, don ita ma tun safe abin ke cin ta. Ta koma ɗakin ta durƙusa a bakin gado ta ce ya bar zancen takardar nan, ita ta yafe, za ta nemi wata sana'ar.

"Au, ke kin ɗauka don ke nake yi?" Sai da ya huta kafin ya ci gaba. "Mutumin nan ya tsaya gaban hukuma ya ce ba a taɓa yin takardar nan ba. Ni na buga ta. Ni ya ƙaryata, 'yar nan. Wankinki daga baya ya biyo."

Laraba ta waye ba wuta, masu gyara sun ce sai ƙarshen mako. Janareto ɗaya ne a duk layin, kuma kowa ya san na Ɗan Kwangila ne. Mai Guga ta naɗe kwamfutar ta nufi kasuwa tun ba a gama buɗe shaguna ba. Ta tarar Injiniya ya tona gawarwakinsa ya dace da wani batir da ya yi daidai, ya kuma cika shi da wutar shagonsa. Ya sa mata, ya rage hasken fuskar, ya ce kada ta kunna sai mai ita ya zauna ya ɗora yatsu. Shi ma batirin tsoho ne. Minti goma sha biyar, in an yi sa'a.

Su biyu suka ɗaga Baba zuwa kujera, ita da 'yarsa, wadda tun jiya ba ta ce mata uffan ba. Ya sa aka miƙo masa hularsa. Da ya ji zancen minti goma sha biyar ya ce ko yana ɗan shekara talatin shafi uku sai ya ci minti ashirin. Sannan ya gyara zama ya ce a kunna, zai fara daga sama, inda ta mutu nan ne iyakarsa.

Ta kunna. Tashin kwamfutar kaɗai ya ci minti biyu.

"Baba, na taɓa maka takarda."

"Kin yi me?"

"Jiya. Duk tarin da ka yi sai na ajiye. Tana ciki, shafi biyu da rabi."

Ta buɗe yadda Injiniya ya nuna mata, rubutun ya fito reras har inda tarinsa na ƙarshe ya tsaya. Ya daɗe yana kallonta, ita kuma tana kallon ɗan hoton batirin da ke kusurwa.

"Akwai kuskure a ciki. Na gan shi jiya kafin a ɗauke wuta. Kin shigar mini da kuskure fayil."

"Na shigar. Ka gyara shi ko ka bar shi, in ka gama ka kore ni daga layin. Saura minti goma sha ɗaya."

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba, har 'yarsa sai da ta ɗago. Ya yi ƙwafa. Ya kai hannu inda ya saba share shafi, hannun ya tsaya a sama. Sai ya sauke shi, ya ce ta kai shi layi na huɗu. Ya goge harafi ɗaya tak, ya buga wani a gurbinsa, fuskarsa kamar mai haɗiyar magani. Daga nan ya sauka ƙasa ya kama aiki.

Bai faɗa a fili ba yau, ba shi da numfashin. Ƙarar madannai kawai ake ji da ta ƙirjinsa. Yatsun nan da suka kasa riƙe cokali suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba sauri, ba tsayawa. Ya buga yadda mai filin ya ce ba a sayarwa, ba a gada, muddin akwai mai jin ƙishi a layin. Ya buga cewa yana cikin hankalinsa, ba wanda ya sa shi. Wani gargaɗi ya fito a tsakiyar fuskar cewa batir ya kusa ƙarewa, Mai Guga ta kawar da shi, hasken ya ƙara dusashewa. Ya buga kwanan wata. Ya buga sunansa, ya ja layin sa hannu. Ta miƙa hannu za ta danna, ya buge shi.

"Yanzu ta kammala. Waɗanne ne?"

Ta nuna masa. Ya ɗora ɗan yatsa a na kusurwa, ya lalubo ɗayan ba tare da ya duba ba, ya danna da kansa. Ko numfashi uku ba a yi ba fuskar ta mutu.

Injiniya ya fitar mata da kwafi biyu a shagonsa, ya ƙi karɓar komai. Baba ya bi su layi-layi da yatsa, da tabarau a kan hanci, bai samu kuskure ko ɗaya ba, kuma an ga alamar hakan bai yi masa daɗi sosai ba. Sau uku alƙalami na suɓucewa. 'Yarsa ta kai hannu za ta tallafa, ya ce takarda za ta riƙe, ba hannunsa ba. Ya sa hannu a duka biyun.

Da safiyar Alhamis ta leƙa ta yi masa sallama. Yana zaune a jingine da matasai, da hularsa, yana fuskantar ƙofa. Ya ce ta miƙa kwafi ɗaya, ɗayar kuma kada ta sake ta baro ofishin nan sai an buga mata hatimin karɓa da kwanan wata, takardar da ba hatimi ba ta isa ko'ina ba. Ya ce kuma ta goge mayafin nan, kunya take ba shi, mai guga da yamutsattsen mayafi.

Mata bakwai suka raka ta. Aka karanta shaidar a fili daga farko har ƙarshe, aka ɗauko tsohuwar taswirar unguwa, ƙafa ashirin da ƙafa arba'in suka faɗa daidai tsakanin turke da kwata. Shugaban kwamiti ya ce a cire kwaɗon yau, filin na layi ne, wanda ya saya ya je ya nemi waɗanda suka sayar masa. Kafin sha biyu an gama. Matan suka yi gaba da murna, ita ta tsaya neman hatimi. Akawun ya ce mai riƙe da hatimin ya fita, kuma tunda an yanke hukunci me za ta yi da shi? Ta ce aiko ta aka yi. Ta zauna a benci ta ƙi motsi, awa ɗaya da kwata, har mutumin ya dawo yana sakace, ya buga mata don ya rabu da ita.

Tun daga bakin layi ta ga famfo a buɗe, ruwa na zuba, amma ba kowa a wurin, bokitai a yashe. Mutanen duk suna ƙofar gidansu. Ta ratsa su ta shiga. 'Yar Baba ce ta tare ta a tsakar gida, ta riƙe mata hannu biyu. Ta ce matan sun kawo masa labari, ya ji, ya ce saura hatimi. Ya ƙi kwanciya, yana ta kallon ƙofa, har wajen ƙarfe ɗaya rai ya yi halinsa.

Mai Guga ta yi kuka sosai, ta tsine wa bencin nan da awa ɗaya da kwatansa. Daga baya ta gane da ta dawo ba hatimi, da numfashinsa na ƙarshe zai kora ta ta koma. Ta shiga ɗakin ta ajiye takardar a kan teburinsa, gefen kwamfutar, ta juya hatimin yana kallon gado.

Bayan kwana tara 'yar ta kwashe kayansa, ta bar wa Mai Guga kwamfutar ta ce yara sa koya. An gyara taransifoma, masu kaya sun fara dawowa, igiyoyin tsakar gida sun cika da shanya. Da hantsi ta shimfiɗa bargon guga, ta yayyafa wa wata farar riga ruwa, ta cusa wayar a soket. Ƙas, makunnin mita ya faɗi. Ta tsaya da dutsen a hannu, kanta a karkace wajen bango. Fanka ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Daga can bakin layi ana jin ruwa na zuba a bokitin wani.